Malam Mele Babura, Mai Farautar Tsatsar Jini

Haihuwarsa da asalinsa

An haifi Malam Idrisu Baba Kura, wanda jama'ar Kazaure da kewayenta suka fi sani da Malam Mele, a garin Babura cikin daminar shekarar 1942. Mahaifinsa, Baba Kura, Babarbare ne mai fataucin kanwa da dabbobi, wanda ya taso daga ƙasar Barno tun yana saurayi, ya zauna a Babura saboda albarkar kasuwarta da kusancinta da iyakar Nijar. Mahaifiyarsa, Hajja Kaka, mace ce mai tsafta da kwarjini, wadda ba a cika ja da maganarta ba a cikin gida ko a unguwa. An raɗa masa suna Idrisu, amma tun ranar suna ake kiransa Mele, kamar yadda Barebari ke kiran mai wannan suna. Shi ne na uku cikin 'ya'ya bakwai, kuma ya tashi da harshe biyu a bakinsa, Barbarci a gida, Hausa a waje.

Karatunsa

Ya fara karatun Alƙur'ani yana ɗan shekara biyar, sannan aka sa shi makarantar elementare ta Babura a 1950. Ya wuce babbar firamare a 1954, ya sami shiga sakandare a Kano a 1957. A can ne, cikin shekarar da Nijeriya ta sami 'yancin kai, wani malamin kimiyya ya ɗiga jinin yatsarsa a kan gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubin likita, ya ce ɗalibai su leƙa ɗaya bayan ɗaya. Abokan karatunsa sun ba da labarin cewa da layi ya zo kan Mele, sai ya ƙi matsawa, har aka kaɗa ƙararrawar cin abinci yana nan sunkuye, yana ta mamakin yadda ɗigon jini guda ya ƙunshi dubban ƙwayoyi jajaye masu kama da ƙananan faya-fayai. Daga wannan rana ya yanke shawarar abin da zai yi da rayuwarsa.

A 1962 ya shiga makarantar koyon aikin ɗakin gwaje-gwajen asibiti a Zariya, ya kammala a 1965 da sakamako mafi kyau a fannin nazarin jini.

Fara aiki da aurensa

An ɗauke shi aiki a wani asibiti a Kano a watan Satumba na 1965. Da rikicin ƙasa ya sa ma'aikata da yawa suka koma garuruwansu a shekarar da ta biyo, sai ya wayi gari yana riƙe da aikin mutum huɗu, kuma wannan nauyi ne ya goge hannunsa da idonsa fiye da abin da makaranta ta ba shi. A 1968 ya auri Dela, 'yar Malam Muhammadu Lawal, malamin gona a Roni. Allah Ya albarkace su da 'ya mace a 1970, aka raɗa mata suna Kellu.

A wannan shekarar ce wata tsohuwar mujallar kimiyya ta faɗo hannunsa, ya karanta cewa masana a ƙasar waje sun gano wani sinadari a cikin jinin shanu wanda ba shi da wani aiki face kashe wani nau'in iskar oksijin mai lahani. Wannan labari ya girgiza shi matuƙa, domin a iya saninsa, oksijin, wato ɓangaren iskar da muke shaƙa wanda rai ya dogara a kansa, alheri ne tsantsa. Ya bi diddigin maganar na tsawon watanni, yana aron littattafai yana kwafewa da hannu, har ya fahimce ta, ya kuma ƙirƙiro mata sunan Hausa da ya yi ta amfani da shi har ƙarshen rayuwarsa: tartsatsin iska.

Bayanin da yake yi wa duk wanda ya tsaya saurare shi ne, jiki yana ƙona abinci da oksijin don ya sami ƙarfi, kuma a wajen wannan ƙuna wani ɗan kaso na oksijin yakan kuɓuce bai kammala aikinsa ba, ya zama tartsatsi mai neman abin da zai kama. Abin da ya fi kamawa kuwa shi ne furotin, wato sinadaran da suke gina jiki suke gudanar da ayyukansa. Kowane furotin jeri ne na ƙananan sinadarai iri ashirin da ake kira amino asid, an jera su kamar duwatsun wuya a zare, sannan aka naɗe zaren naɗi na musamman wanda shi ne sirrin aikinsa. Biyu daga cikin ashirin ɗin suna ɗauke da farar wuta, kuma su ne tartsatsin ya fi saurin afka wa. Idan ya taɓa su sai su manne da juna a inda bai kamata ba, naɗin ya warware, furotin ya dunƙule ya daina aiki. A cikin jajayen ƙwayoyin jini, furotin mai ɗaukar iska yana da sinadarin ƙarfe a tsakiyarsa, kuma tartsatsin yakan sa wannan ƙarfe ya yi tsatsa, jini ya koma ruwan ƙasa, ya kasa ɗaukar iska. Sai dai Allah Ya tanadar wa jiki garkuwa, wasu sinadarai masu kashe tartsatsin kafin ya yi ɓarna. An ce idan ya kai nan a bayani sai muryarsa ta ɗaga, ya miƙe tsaye yana tafa hannu.

Komawarsa Kazaure da rashin da ya yi

A 1971 aka yi masa canjin aiki zuwa Kazaure, aka danƙa masa ƙaramin ɗakin gwaji mai taga ɗaya, da madubin likita guda mai aiki da hasken rana. A nan ya haɗu da Sista Martina, ungozoma 'yar asalin Filato, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana karɓar haihuwa a garin, tana jin Hausa kamar haifaffiyar gari.

A watan Afrilu na 1973 Dela ta haifi ɗa namiji lafiyayye, aka raɗa masa suna Sama'ilu. A kwana na huɗu idanunsa suka yi rawaya, wato shawara ta kama shi. Aka yi suna yana kwance ba ya kama nono, aka ɗauke shi zuwa Kano washegari, ya rasu a kwana na tara. Malam Mele, wanda aikinsa ke nan duba jinin mutane, bai iya faɗa wa matarsa abin da ya kashe ɗansu ba.

Shekarun da suka biyo shekarun arzikin man fetur ne. Kaya suka cika kasuwanni, atamfa da leshi da shadda suka yawaita a gidaje, akwatunan ƙarfe suka maye gurbin adudu har a ƙauyuka. A daidai wannan lokaci Sista Martina ta lura cewa jarirai masu shawara mai tsanani suna ƙaruwa, ta kuma lura cewa galibinsu maza ne, an haife su lafiya, ciwon bai taso ba sai bayan an koma da su gida. Ta kai wa Malam Mele wannan magana a 1975, suka amince cewa duk jaririn da aka kawo da shawara za a ɗiba masa ɗigon jini daga diddigensa.

Ranar Talata, 9 ga Maris, 1976

Da hantsin wannan rana aka kawo wani jariri ɗan kwana biyar daga Gwiwa a kan babur, uwarsa na rungume da shi. Malam Mele ya rina jinin da shuɗin rini ya leƙa, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba face a hoton littafi: a gefen kusan kowace jar ƙwaya akwai ɗan dunƙule manne kamar tsakuwa. Furotin ne da tartsatsi ya lalata. Ya yi gwaji na biyu, wanda ya koya daga takardun da ya kwafa: ya sa wa jinin maganin da ke mai da shi ruwan ƙasa, ya ƙara wani da ke taimaka masa ya farfaɗo, ya tsoma kwalbar a cikin fulas ɗin ruwan ɗumi saboda babu wutar lantarki, tare da kwalbar jininsa shi kansa don kwatanci. Bayan sa'a uku nasa jinin ya koma ja. Na jaririn ya tsaya ruwan ƙasa. Wannan ya nuna cewa yaron yana da ƙarancin wani sinadarin garkuwa da likitoci ke kira G6PD, ƙarancin da ake gada ta wajen uwa, wanda ya fi bayyana a 'ya'ya maza.

Ya fito da kwalabe biyu a hannu, da gudu, babu hula, ya nufi ɗakin haihuwa.

"Sista, duba nan! Garkuwarsa ce ba ta da ƙarfi. Amma ƙarancin kaɗai ba ya yin wannan ɓarna, dole akwai abin da ya hura wutar. Me aka ba shi?"

"Malam Mele, na tambaye ta sau uku. Ba a ba shi komai ba sai nono."

Yana tsaye a kan jaririn sai wani ƙamshi ya bugi hancinsa daga zanen da aka naɗe shi. Ya tambayi uwar inda aka ajiye kayan. Ta ce tun tana da ciki wata shida ta jera su a akwati, ta zuba kafur da yawa don kada asu ya ci.

Malam Mele ya san cewa fararen ƙwallayen da ake sayarwa da sunan kafur sinadari ne na masana'anta, wanda ke shiga jikin jariri ta numfashi da ta fata, hanta ta juya shi zuwa abin da ke haddasa tartsatsi mai yawa a cikin jini. Mai cikakkiyar garkuwa yakan jure. Marar ita kuwa, ƙwayoyin jininsa sukan fashe, ragowarsu ta taru ta zama shawara, ta hau ƙwaƙwalwa. Nan take aka tuɓe wa yaron kayan, aka yi masa wanka, aka naɗe shi da zanen asibiti, aka garzaya da shi Kano inda aka sauya masa jini. Ya rayu.

Da ya koma gida da la'asar, ya roƙi Dela ta buɗe akwatinta. Zanen goyon Sama'ilu yana ƙasa a ninke, ƙwallayen kafur a tsakaninsa. Shi da kansa ya sayo mata su daga Kano. Ya zauna ya yi mata bayani tun daga farko, ya kuma gaya mata cewa gadon ta wajenta ya zo, domin ƙanenta Haladu ya taɓa yin baƙin fitsari bayan shan wani maganin zazzaɓi.

Dela ta ce, "Malam, ke nan ni ce sanadi."

Ya ce, "Gadon jini ba laifi ba ne, Dela, Haladu ga shi nan yana nomansa lafiya. Kafur kuwa ni na sayo. Ba mu sani ba, amma yau mun sani."

Haihuwar Baffa

Daga Maris na 1976 zuwa ƙarshen shekarar, shi da Sista Martina sun gwada jarirai talatin da huɗu masu shawara mai tsanani. Ashirin da uku suna da ƙarancin garkuwar, kuma a cikinsu goma sha tara an naɗe su da kayan da suka kwana da kafur. Malam Mele ya riƙa yawo da wannan sakamako a aljihu yana nuna wa likitoci da malaman asibiti, har ma da waɗanda suka zo gwajin fitsari kawai.

A watan Yuni na 1977 Dela ta sake haihuwar ɗa namiji. Aka ɗebi jinin cibiyarsa, mahaifinsa ya gwada da hannunsa, kwalbar ta tsaya ruwan ƙasa. Tun kafin haihuwar an fitar da kafur daga gidan baki ɗaya, an wanke kayan jariri sau uku an shanya a rana. Amma a kwana na biyu Hajja Kaka ta iso daga Babura da akwati cike da kayan jika, waɗanda ta yi wata biyar tana tarawa, ƙamshin kafur na tashi tun daga ƙofar gida. Malam Mele ya durƙusa a zaure ya gaishe ta, sannan ya roƙe ta kada akwatin ya shiga.

"Mele, ni za ka tsayar a zaure? Na goyi bakwai kafin ka san mene ne asibiti."

"Hajja, ki gafarce ni. Ki ba ni sa'a ɗaya kawai, in nuna miki wani abu. In kin gani kin ce ya shiga, zai shiga."

Ya kai ta ɗakin gwaji, ya nuna mata jini mai lafiya, sannan ya nuna mata na wani jaririn Roni da aka kwantar a ranar. Ta daɗe tana leƙe da ido ɗaya, ta ɗago ta tambaya ko waɗannan tsakuwoyin ne suka kasance a jinin Sama'ilu. Ya ce yana kyautata zaton haka. Ta koma gida ta sa aka ɗora tukunyar ruwa, ta wanke kayan da hannunta, ta hana kowa taya ta.

Kullum da safe Malam Mele yakan fito da jaririn tsakar gida ya duba farin idonsa a hasken rana, gidan duka a tsaye ana jiran abin da zai ce. Kwana na uku ya wuce, na huɗu ya wuce, na biyar da na shida suka wuce. Ranar suna idon yaron fari tas, yana tsotson nono da ƙarfi. Aka raɗa masa suna Muhammadu Lawal, sunan kakansa na wajen uwa, ana kiransa Baffa. Waɗanda suka halarci sunan sun ce ba su taɓa ganin Malam Mele cikin irin wannan farin ciki ba, domin ya bi baƙi ɗaya bayan ɗaya yana ba su goro yana ba su labarin kwalabe biyu.

Yawon faɗakarwa

Daga 1977 zuwa 1983 babu kasuwar mako da bai taka ba a Roni, Gwiwa, Babura da ƙauyukan Kazaure. Yakan ɗaure akwatin madubinsa a bayan babur, ya kafa shi a inuwa, ya bar duk mai so ya leƙa. Sista Martina ta ɗauki nauyin koyar da ungozomomin gargajiya, Hajja Kaka kuwa ta zama mai shiga gidajen barka a Babura, tana shinshina kayan jarirai ba tare da neman izini ba, har matan garin suka riƙa fitar da kafur da zarar an ce ga ta nan tafe. Ta wajenta ne saƙon ya ƙetara iyaka, ya isa ga matan Nijar masu zuwa cin kasuwa.

Ba kowa ya karɓe shi hannu biyu ba. Alhaji Mamuda, babban mai sayar da kayan koli a kasuwar Gwiwa, ya tare shi a bainar jama'a a 1978 ya ce yana ɓata masa sana'a. Malam Mele ya amsa masa da ladabi cewa bai hana sayar da kafur ba, roƙonsa kawai a nisanta shi daga jarirai, ya kuma gayyace shi ya leƙa madubin. Alhajin ya leƙa, ya yi tambayoyi masu yawa, kuma daga wannan mako ya ɗauki al'adar tambayar kowane mai saye ko akwai mai ciki ko jariri a gidansa. A rahoton da Sista Martina ta rubuta a 1982, jariran da aka kawo da shawara mai tsanani ba su kai rabin na 1976 ba.

Ƙarin ilimi

A 1979 ya sami gurbin karatun digiri a fannin sinadaran jiki, yana ɗan shekara talatin da bakwai, ya zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannensa, yana dawowa Kazaure kowane ƙarshen mako. A 1981 ya gabatar da sakamakon binciken jarirai ɗari biyu da shida a wani taron masana a Ibadan, ya sa sunan Sista Martina tare da nasa a kan takardar. An ba shi minti goma sha biyar, amma tambayoyi suka riƙe shi fiye da sa'a guda. Ya kammala digirinsa a 1982. An yi masa tayin zama malami a jami'a, ya nemi afuwa, ya koma ɗakinsa mai taga ɗaya, inda ya horar da ma'aikatan gwaji goma sha huɗu kafin ya bar aiki.

Shekarunsa na ƙarshe

Hajja Kaka ta rasu a 1985, Sista Martina ta yi ritaya ta koma gida a 1988. Bayan ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 aka naɗa shi mai kula da ɗakunan gwaji na shiyyarsa. A wannan lokaci hankalinsa ya karkata ga yanar ido, domin ya karanta cewa 'yar ƙwayar nan mai kama da gilashi da ke cikin ido cike take da furotin da ba a sabunta shi tun daga haihuwa, kuma tartsatsin iska yana daga cikin abin da ke dunƙule shi sannu a hankali har gani ya dushe. A 1994 yanar ido ta rufe idonsa na dama, wanda ya yi kusan shekara talatin yana leƙen madubi da shi. Da za a yi masa aiki a Kano ya roƙi likitan ya adana masa ƙwayar da za a cire. Aka miƙa masa ita a cikin 'yar kwalba, launinta kamar na ƙaro. Bayan mako uku ya koma ɗakin gwaji da bandeji a fuska, ya auna farar wutar da ta rage lafiya a cikinta, ya tarar kaɗan ce ƙwarai, ya kira ma'aikatansa duka da babbar murya su zo su ga abin da ya daɗe yana gaya musu, wannan karon a jikinsa. Ya yi ritaya a 1995, ya koma noman gero da gyaɗa a gonarsa ta Roni.

Rasuwarsa

Allah Ya yi wa Malam Mele rasuwa a gidansa da ke Kazaure da safiyar Juma'a, 12 ga Nuwamba, 1999, bayan gajeruwar jinya, yana da shekara hamsin da bakwai. An yi masa salla bayan an sauko daga Juma'a, aka kai shi makwancinsa a maƙabartar garin. Ya bar matarsa Hajiya Dela da 'ya'ya biyar: Kellu, malamar makaranta a Babura, Falmata, ungozoma a Gwiwa, Muhammadu Lawal, wato Baffa, injiniyan ruwa, Haladu, takwaran kawunsa, manomi a Roni, da autarsu Yagana, wadda take aji biyar na sakandare a lokacin. Ya kuma bar jikoki shida.

A ranar addu'ar uku, wasu samari da iyalin ba su sani ba suka zo gaisuwa daga ƙauyukan Gwiwa da Roni, kowanne da mahaifinsa. Da aka tambayi sunayensu, sai aka tarar goma sha ɗaya daga cikinsu Mele ake kiransu, kuma babu Babarbare ko ɗaya a cikinsu. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya albarkaci bayansa.